Yadda Ake Rainon Furen Anturiyam a Gida Ba Tare da Saiwarsa Ta Ruɓe Ba

Tambayar ɗaya ce take ta dawowa, lafazi ne kawai yake bambanta. An sayo furen anturiyam jajir yana sheƙi, an ba shi baƙar ƙasa mai taki, ana ba shi ruwa safe da yamma, amma kafin wata biyu ganye ya koma rawaya, aka taɓa shukar sai ta taho a hannu babu saiwa. Me ya jawo?

Ƙasar da ruwan ne suka kashe shi. Anturiyam ɗin da masu furanni suke sayarwa, mai jan faifai da 'yar zangarniya a tsakiya, ya samo asali ne daga Anthurium andraeanum, ɗan dazuzzukan Kolombiya da Ekwado da ke gangaren yammacin tsaunukan Andes. A can kan rassan bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa masu kauri suna reto a iska ko suna kutsawa cikin gansakuka da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a gwiwar reshe. Ba ya tsotsar bishiyar yadda kauci yake yi, aron wurin zama kawai ya yi. A yankin Choco na Kolombiya akwai garuruwan da ruwan shekararsu yake haura milimita 7,000, alhali Sakkwato a yawancin shekaru ba ta kai 800 ba. Duk da wannan ruwa saiwar ba ta ruɓewa a can, domin yana zubowa yake tsiyayewa, iska ta biyo baya. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu: saiwa ta jiƙa, sannan ta sha iska.

1. Zaɓen shuka

Fure ne yake jan ido, amma saiwa za a fara dubawa. A roƙi mai sayarwa ya ɗan zare shukar daga tukunya ko leda. Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai ɗan jaja-jaja, tana da tauri idan an matsa. Idan ta yi baƙi, ta yi laushi, ko tana warin ruɓa, a bar masa kayansa komai kyan furen. Sai a juya ganye a duba bayansa ko da ƙwari. A lura da gefen ganyen ma: tabo mai kama da an ɗiga mai, da rawaya ta zagaye shi, alamar cuta ce da ba ta da magani, bayaninta yana mataki na 9.

Idan akwai zaɓi, a ɗauki wadda take da 'ya'ya biyu ko uku a gindi, ko da furenta bai kai na sauran yawa ba. Nan gaba su ne za a raba su zama tukwane daban.

Gargaɗi: babu anturiyam mai shuɗin fure. Fari ne ake yi wa allurar rini, furen da zai fito daga baya fari zai fito. Kada a biya kuɗin shuɗi.

Akwai kuma wasu 'yan uwansa da ake nema don ganyensu, irin su Anthurium veitchii da Anthurium warocqueanum na Kolombiya, masu dogayen ganye da kan kusa mita ko su wuce, da Anthurium clarinervium na jihar Chiyafas ta Meziko, mai fararen jijiyoyi. Shawarata, mai fara koyo ya ƙyale su tukuna. Sun fi wuyar raino a iskar hunturu, sannan akwai batun inda aka samo su. Dangin anturiyam sun kai kimanin nau'i 1,000, daga Meziko har arewacin Ajantina, kuma da yawansu a ɗan ƙaramin yanki kaɗai suke fitowa, wani ma a kwari ɗaya. An sare yawancin dazuzzukan yammacin Ekwado don noma da kiwo da katako, shi ya sa nau'o'in ƙasar da dama suke cikin jerin tsirrai masu fuskantar barazana na IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu da muhalli. Lokacin da farashin irin waɗannan tsirrai ya yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021, an riƙa ɓamɓaro su daga daji ana sayarwa. Jan anturiyam na kasuwa ba shi da wannan matsala, a gidajen raino ake yaɗa shi, musamman a Holan. Wanda kuma ya nace sai ya yi odar shuka daga waje, a Najeriya sai da izinin NAQS, hukumar da ke tantance tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su, da takardar shaidar lafiyar shuka daga ƙasar da ta fito, in ba haka ba ana iya riƙe kayan a filin jirgi.

2. Kayan da za a tanada

Ɓawon kwakwa na waje, mai zare. Gawayin itace. Fasasshen jan bulo ko guntayen tsohuwar tukunyar ƙasa. Ɗan ruɓaɓɓen ganye da ya zama taki. Tukunya mai huda. Wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, sifirit ko bilic na wanke ta, bokiti, da safar hannu.

Shukar ce kaɗai mai cin kuɗi, musamman babba mai fure da aka shigo da ita daga waje. Ƙarama marar fure ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ta fi saurin sabawa da gida. Ɓawon kwakwa a wurin masu sayar da kwakwa ake samu, galibi zubarwa suke yi. Gawayi na ɗan kuɗi kaɗan ya isa tukwane da yawa. Idan akwai rarar kuɗi, ƙaramar na'urar auna zafi da laimar iska ta fi kyakkyawar tukunya amfani.

Gargaɗi: anturiyam dangin gwaza ne, kuma ƙaiƙayin nan na ɗanyen gwaza yana cikin ruwan jikinsa. Yana sa ƙaiƙayin fata, idan aka tauna kuma baki da maƙogwaro su yi zafi su kumbura. A sa safar hannu wajen yanka, a nisanta shi da yara masu rarrafe, da kyanwa, da akuyar gida.

3. Haɗa abin da saiwa za ta zauna a ciki

Nan ne aikin yake. Wanda ya gyara nan ya huta da rabin wahala.

A sassara ɓawon kwakwa gunduwa-gunduwa, kowace kamar santimita 2. A zuba a bokiti, a cika da ruwa, a ɗora dutse ya danne. Washegari za a ga ruwan ya koma ja kamar shayi, a zubar a sake sabo. A yi ta haka kwana 4 zuwa 7 har ruwan ya yi haske. Ɓawon yana ɗauke da gishiri, musamman na kwakwar bakin teku, kuma gishirin nan yana ƙona bakin sabuwar saiwa. Masu gaggawa a nan suke fara yin asara ba su sani ba.

A farfasa gawayi daidai girman gunduwar kwakwar, a tankaɗe garin a ajiye gefe don zai yi amfani daga baya, a wanke sauran. Bulon ma a farfasa a wanke.

Awon shi ne: kwakwa kwano 2, gawayi kwano 1, bulo kwano 1, ruɓaɓɓen ganye rabin kwano. A wuri mai laima kamar Jos ko Abuja da damina, ana iya rage ganyen. A Kano, Katsina, Maraɗi ko Maiduguri inda abu yake bushewa da wuri, a ƙara kwakwa rabin kwano, a bar zarenta a ciki.

Kafin dasawa a gwada. A cika tukunya da haɗin, a kwarara ruwa. Ya kamata ya fara fita ta ƙasa kafin a ƙirga goma. Idan ya tsaya a sama yana kallon ku, gari ya yi yawa, a ƙara gawayi da bulo. A damƙi haɗin a hannu a saki: ya warwatse, kada ya dunƙule.

Gargaɗi: kada a sa ƙasar gona, laka, yashi mai laushi ko garin katako, duk toshe iska suke yi. Kada a yi amfani da gawayin shisha, haɗaɗɗe ne da wasu sinadarai. Kada a sa toka ko fasasshen bulon siminti, domin wannan shuka haɗi mai ɗan tsami-tsami take so, tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, su kuwa kanwa-kanwa suke mayar da shi. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa suna aiki na ɗan lokaci, amma suna saurin ruɓewa, kuma gara tana son su.

4. Tukunya da dasawa

Kada a dasa ranar da aka kawo ta gida. A ba ta mako biyu ta huta a inuwa, nesa da sauran furanni, ta yadda idan ta zo da ƙwari za su bayyana kafin su yaɗu.

Tukunya ta ɗara dunƙulen saiwar da santimita 3 zuwa 5 kawai. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Ta ƙasa tana numfashi kuma tana sanyaya saiwa da bazara, sai dai tana saurin bushewa. Ta roba tana riƙe laima, amma sai an ƙara mata huda a ƙasa da gefe da ƙusa mai zafi. Ni dai a ƙasa mai zafi ta ƙasa nake zaɓa, yawan ban ruwa ya fi sauƙi a kan ceton ruɓaɓɓiyar saiwa.

A jiƙa shukar, a zare ta, a warware tsohon haɗin da yatsa a hankali cikin bokitin ruwa. Waɗanda aka shigo da su sukan zo cikin wani baƙin haɗi mai laushi kamar soso, wani lokaci har da 'yar raga a naɗe a gindin kara. A cire iya abin da zai ciru, ragar kuma a yanke ta. A datse duk saiwar da ta mutu da rezar da aka goge da sifirit, a barbaɗa garin gawayin nan a wurin yankan.

A zuba haɗi kashi ɗaya cikin uku na tukunya, a ɗora shukar, a cike gefe ana ɗan bubbuga tukunyar don ya zauna. Ba a dannawa da hannu. Inda ganyaye suke tasowa daga kara ya kasance a sama, kada a binne shi. Idan tana rangaji, a kafa ɗan kara a ɗaure. A ba ta ruwa sosai sau ɗaya, sannan babu taki sai bayan wata guda.

Gargaɗi: kada a ajiye tukunya a kan ƙasa kai tsaye. A ɗora ta a kan bulo ko benci, saboda gara da tsutsar ƙasa mai cin saiwa, kuma don ruwa ya sami hanyar fita.

5. Wurin ajiyewa

Haske mai yawa, ba rana kai tsaye ba. Baranda mai kallon gabas, ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya mai cikakkiyar inuwa, ko kusa da taga mai siririn labule. Masu noma shi don kasuwa raga suke sawa mai tare kimanin kashi 75 cikin ɗari na hasken rana. Gwaji mai sauƙi: da tsakar rana a ɗaga hannu a saman ganyen. Idan inuwar hannun ta fito dishi-dishi, wurin ya yi. Idan ta fito rangaɗau, rana ta yi yawa. Idan babu inuwa sam, duhu ya yi yawa, shukar za ta rayu amma ba za ta yi fure ba. Yawancin masu cewa nasu ya daina fure, a lungun falo suka ajiye shi.

Ranar azahar ta awa ɗaya a watan Afrilu ta isa ta ƙona ganye, kuma ƙunar ba ta warkewa. Kada kuma a sa shi a saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki, busasshiyar iska ce.

6. Ban ruwa

Ba a yi masa jadawali. A tura yatsa cikin haɗin kamar gaɓa ɗaya da rabi. In da sanyin laima, a bari. In ya bushe, a ba shi har ruwa ya zubo ta ƙasa, a bar shi ya tsiyaye, a zubar da abin da ya taru a faranti. Da bazara yana iya zama kullum ko bayan kwana biyu, da damina kuma mako ya wuce ba a ba shi ba. Bayan 'yan makonni hannu zai saba da nauyin tukunyar, ɗagawa kawai za a yi a gane. Da safe ake bayarwa, a gindi, ba a kan ganye ba.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Na sama ya fi kowanne, a tara da damina. Wanda yake ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana da kyau don ba shi da gishiri. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Na rijiya da na burtsatse a wasu unguwanni yana da kanwa, alamarsa farin dabbare a bakin tukunya da bakin ganye yana ƙonewa. In shi kaɗai ake da shi, a riƙa gauraya shi da ruwan sama.

Gargaɗi: ruwan tankin da ke kan rufi yakan yi zafi sosai da rana. A tara a bari ya huce. Kuma idan aka ga ganye ya yi yaushi alhali haɗin a jiƙe yake, ba ƙishi ba ne, saiwa ce ta ruɓe. Ƙara ruwa a nan ƙarasa ta ne.

7. Hunturu da bazara

Wannan shuka tana son laimar iska kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, da zafi tsakanin digiri 18 da 30. Da hunturu laimar iska a arewa takan faɗi ƙasa da kashi 20, da bazara kuma zafi ya kai digiri 40. Wata bakwai ke nan na gwagwarmaya, daga Nuwamba zuwa Mayu.

Da hunturu a tattara tukwane wuri ɗaya a inda iska ba ta bugawa, su riƙa raba laimar da suke fitarwa. A samu babban faranti a cika da tsakuwa, a zuba ruwa bai kai saman tsakuwar ba, a jera tukwanen a kai. Kusa da randa wuri ne mai kyau. A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta ɓangaren da iska take shigowa, a riƙa jiƙa shi. Fesa ruwa a ganye ba ya yin abin da ake zato, cikin 'yan mintuna ya bushe. Ƙura kuma a goge ta duk mako da jiƙaƙƙen ƙyalle mai laushi, sama da ƙasa. Ba a shafa wa ganye mai ko madara don ya yi sheƙi.

Daren Disamba da Janairu, in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 13, kamar yadda yake yi a Jos da wasu dararen Kano da Zariya, a shigar da shi ɗaki. Da bazara kuma a kai shi wuri mafi sanyi a gidan, a yayyafa ruwa a daɓen da ke kewaye da rana, a nisanta shi da bango ko kwanon da ya sha rana. Zai dakata da girma, furen ya ƙanƙance. Ba ciwo ba ne, ruwan farko na damina zai farfaɗo da shi.

8. Taki

Kaɗan-kaɗan, a narke. Rubu'in ƙaramin cokali na takin furanni mai narkewa, ko NPK 15-15-15 da aka daka, a cikin ruwa lita 4. A ba shi bayan kowane mako biyu lokacin da yake fitar da sabon ganye, kuma sai an fara jiƙa haɗin da ruwa zalla. Sau ɗaya a wata a kwarara ruwa mai yawa ya wanke gishirin da ya taru. Da tsananin zafi ko tsananin sanyi a dakata.

Kowane sabon ganye yana iya zuwa da fure ɗaya a hammatarsa. Shuka mai lafiya takan ba da fure 4 zuwa 6 a shekara, kowanne ya yi mako 6 zuwa 8. In ya fara komawa kore ya tsufa ne, a yanke shi daga gindin sandarsa.

Gargaɗi: kada a barbaɗa ƙwayar taki a gindi kamar masara. Yuriya da ɗanyen kashin kaji kuwa, kada su kusance shi.

9. Ruɓa, cuta da ƙwari

Ruɓar saiwa ita ce ta fi yawa. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ɗaya bayan ɗaya, in an ja saiwa sai fatarta ta zame ta bar siririn zare. A zare shukar, a wanke, a yanke duk ruɓaɓɓen har a kai ga fari, a barbaɗa garin gawayi, a bar ta ta sha iska awa biyu ko uku a inuwa. A dasa a sabon haɗi cikin ƙaramar tukunya, a rage ganye in saiwar ta ragu sosai, a kifa farar leda mai huda a kai har sabuwar saiwa ta fito.

Cutar tabon ganye da aka ambata a farko ƙwayar bakteriya ce mai suna Xanthomonas, wadda ta durƙusar da gonakin anturiyam na tsibiran Hawai na Amurka a shekarun 1980. Ta gefen ganye take shiga, tana bin fantsamar ruwa da wuƙa da hannu. In ganye ɗaya ne, a cire shi duka a ƙona, a wanke wuƙa da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9. In ta kai kara har ya yi baƙi, a jefar da shukar da haɗinta. Da damina a kiyaye kada ruwan indararo ya riƙa dukan ganyen.

Farin ƙwaro mai kama da auduga yana ɓuya a hammatar ganye, a goge shi da audugar da aka tsoma a sifirit. Da hunturu kuma ƙananan jajayen gizo-gizo suke zuwa, ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya dushe, da siririyar yana a baya. A wanke ganyen, a fesa man darbejiya ƙaramin cokali ɗaya da ɗigon sabulun ruwa a cikin lita ɗaya, da yamma, duk mako har sau uku. A fara gwadawa a ganye ɗaya.

10. Ƙara yawansu

Farkon damina ne lokacinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce raba 'ya'ya. Idan ɗan da ke gindi ya yi ganye uku da saiwarsa ta kansa, a zare uwar daga tukunya, a raba su da hannu ko wuƙa mai tsabta, a barbaɗa gawayi, a dasa kowanne daban.

Tsohuwar shuka kuma takan yi dogon kara tsirara da guntayen saiwa suna leƙowa a jikinsa. Kada a yanke waɗannan saiwoyi. A naɗe wurin da jiƙaƙƙen zaren kwakwa, a ɗaure da leda sako-sako, a riƙa jiƙawa. Bayan wata ɗaya ko biyu saiwoyin za su cika zaren. Sai a yanke karan a ƙasansu a dasa kan. Kututturen da aka bari a tukunya kada a zubar, yakan tofo da sababbin 'ya'ya.

Iri shi ne hanyar masu haƙuri. Faifan nan mai launi ganye ne da ya sauya kama, ainihin furannin ƙanana ne jere a jikin zangarniya. Ɓangaren mace ne yake fara nuna, a ga zangarniyar tana ɗan naso mai danƙo, sai bayan ya wuce garin namiji ya fito. Don haka fure ɗaya ba ya yi wa kansa barbara, sai an sami biyu da suka saɓa lokaci. A ɗebi garin wannan da ɗan burushi mai laushi a shafa wa wancan da safe, kwana biyu ko uku a jere. In ya kama, zangarniyar za ta kumbura, bayan wata 6 zuwa 7 'ya'ya su ɓullo, kowanne da ƙwaya ɗaya ko biyu. A matse, a wanke yauƙin, a jera a kan jiƙaƙƙen zaren kwakwa ba tare da binnewa ba, a rufe da farar roba mai huda a inuwa. Cikin mako ɗaya zuwa uku suke tsirowa, fure kuma sai bayan shekara 2 zuwa 3, kuma launinsa ba lallai ya zo irin na uwar ba tunda na kasuwa haɗaɗɗen iri ne.

Gargaɗi: irin anturiyam ba ya ajiyuwa. Idan ya bushe ya mutu, don haka ranar da aka cire shi ake shukawa, busasshen irin da ake tallatawa a ƙulle cikin 'yar leda kuma asarar kuɗi ne.